Ƙeyar Ba-Zama

Shekara goma sha tara ina kallon ƙeyar mutum ɗaya. Ka ce in kwatanta maka fuskar Ba-Zama sai na tsaya tunani, amma ƙeyarsa ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka inda tabon maruru yake da inda furfura ta fara tsirowa. Mu ne masu shiga fili da gadon ɗaukar 'yan ƙwallo idan wani ya ji rauni, shi a gaba, ni a baya. Kada ka kuskura ka kira gadon nan makara a gabansa, sai ya wuni bai kula ka ba.

Mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa sunan, kuma wallahi ba ta zalunce shi ba. Mutumin nan a tsaye yake cin abinci. Ya yi dako a kasuwa, ya yi turin marasa lafiya a keken asibiti, har gadi ya taɓa yi, wata biyu masu gida suka sallame shi don zirga-zirgarsa ta ishe su. A filin ƙwallo an ajiye mana benci a bakin layi. Gefena fenti ya goge tas, nasa gefen kamar jiya aka shafa. Matarsa takan ce kujerar falonsu baƙi ta saya wa, maigida bai san taushinta ba.

Shi ya koya mini aikin, da faɗa da komai. In ya ɗaga ƙafar hagu ni in ɗaga ta dama, don kada gado ya riƙa lilo da mutum. Babbar dokarsa kuwa, ba a dire gado a tsakiyar fili. In ka ɗauka, sai ka tsallake farin layi, ko da ƙudan zuma ne suka sauka a kanka. Kullum yana alfahari bai taɓa kayar da ɗan kowa ba.

Ranar da zan ba ka labarinta Asabar ce. Da safe 'yata ta fari ta haihu, jini ya ɓalle mata. Mijinta direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya. Nas ta fito ta ce jini leda biyu ake buƙata, na ajiyar asibiti ya ƙare, dangi su je a gwada su. Dangin ni ne, uwarta hawan jini gare ta.

To bari in faɗi abin kunyar, tunda na fara. Ni da na sha ganin ƙashi ya huda fata ya leƙo ban ƙifta ido ba, allura nake tsoro. Na je har ƙofar ɗakin ɗibar jini, na hango wani kwance an soka masa wata mai kaurin tsinken tsintsiya. Na juyo na ce wa matata an gwada, nawa bai dace ba, zan je neman mutane. Na buga wa Ba-Zama waya na shara masa ƙaryar nan. “To,” kawai ya ce, ya kashe.

Na zaga gari kamar wanda ya yar da kuɗi. Wannan ya ce zazzaɓi yake, wancan ya ce matarsa ba za ta yarda ba, ni kuma ina jin haushinsu, ka ji ƙarfin hali. Ƙarfe uku na tsinci kaina a fili, wai don akwai wasa ƙarfe huɗu. Gaskiyar magana, wurin ɓuya na rasa.

Ba-Zama bai iso ba sai da alƙalin wasa ya busa usur. Mutumin da ke riga mai share fili zuwa! Ga shi cikin riga mai dogon hannu, ana wannan zafin.

“Sai yanzu?” na ce. “Yau da nake cikin masifa, yau ka ga damar makara?”

“Yi haƙuri, ɗan'uwa,” ya ce, ya zauna a benci.

Ya zauna fa. Da hankalina na jikina, da nan na gane akwai magana. Ina! Ni ne ranar na zama Ba-Zama, in je bakin tuta in dawo, in ciro waya in mayar, in sake cirowa. Ban san wa ke cin wa ba.

Ana hutun rabin lokaci matata ta kira. “Malam, an samu leda ɗaya, wani bawan Allah ya bayar, an ɗaura mata. Likita ya ce lallai a samo ta biyu kafin dare. Kana ina ne? Hayaniyar me nake ji?”

Na ce kasuwa ce. Na kashe wayar ina jin kamar in tsine wa kaina.

An dawo da minti goma, mai tsaron gida na ƙungiyar baƙi ya yi tsalle, wani ya shige ƙarƙashinsa, ya faɗo da ka. Fili ya yi tsit. Likitan wasa ya ɗago mana hannu, muka ruga. Ƙaton mutum ne, magidanci, yana kwance yana kallon sama, yana cewa yatsunsa na yi masa wani iri. Aka sa masa abin tallafe wuya, mu shida muka ɗora shi a hankali.

“Wuya ne,” in ji likita. “Ko girgiza ban yarda ba. In ya faɗi, ƙila ya gama tafiya da ƙafarsa.”

Motar asibiti tana can ɗaya gefen, taku saba'in ko fi. Muka ɗaga. Hagu, dama.

Ba mu yi taku ashirin ba na ga ƙeyar nan ta canza. Ta yi fari-fari kamar an shafa toka, gumi na tsattsafowa manya-manya, kan yana rinjaya gefe yana dawo da shi. Na sauke ido kan hannunsa na hagu. Wani siririn jini ne ke gangarowa daga cikin hannun riga, ya bi tsintsiyar hannu, ya jiƙa mariƙin gado. Ta saitin gwiwar hannu rigar ta yi ja, ga tudun auduga a ƙarƙashi. Nauyi ya buɗe inda aka soka allura.

Nan na san waye bawan Allah. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni.

“Ba-Zama, mu dire.”

“Ba mu kai layi ba.”

“Kai, faɗuwa za ka yi!”

“Rufe min baki ka ƙirga,” ya ce, muryarsa can ƙasa. “Ba na ganin gabana sosai. In na karkace ka faɗa min.”

Likita na gefe yana riƙe da kan mai rauni, bai san abin da ake ciki ba. In na yi ihu a karɓe shi, canjin hannu kaɗai ya isa ya girgiza gadon. Na shiga ƙirga da ƙarfi. Talatin da ɗaya, talatin da biyu. Dama kaɗan. Miƙe. Ina kallon mariƙin nan mai santsin jini yana zamewa daga tafinsa zuwa yatsu, yana sake damƙewa. 'Yan kallo suna tafa wa mai tsaron gida, ni kuwa ji nake kamar in zage su kaf. A hamsin da biyar gwiwarsa ta lanƙwashe, na ce shi ke nan, sai ya miƙe ya ci gaba.

“Layi,” na ce. “Ga shi ƙarƙashin ƙafarka.”

“Kai ma ka tsallake tukuna.”

Na tsallake. Muka durƙusa tare, gado ya taɓa ƙasa ko ƙara bai yi ba. Ya saki yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kife a kan ciyawa.

Mutanen motar suka tafi da mai tsaron gida. Likita ya ɗage wa Ba-Zama ƙafafu sama, ya danne hannun, yana ta faɗa: wane marar hankali ne zai ba da jini da rana ya zo ɗaukar ƙato da yamma, ko ruwan kirki bai sha ba? Can ya buɗe ido, aka ɗura masa lemo.

“Mun kai?”

“Mun kai,” na ce, hawaye na zuba ban damu da wa ke kallo ba. “Don me ba ka faɗa min ba? Da na nemo wani ya riƙe gaban.”

“Wa ya san takunka?” Ya lumshe ido ya buɗe. “Na ce su ɗebi biyu, suka ƙi. Ɗan'uwa, na tambayi nas. Ta ce tun safe ba uban kowa da aka gwada.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Bai zage ni ba, da ma ya zaga, da ya fi mini sauƙi.

“Tsoro nake ji,” na ce. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar.

“Na sani. Tashe ni.”

Likita ya ce ya kwanta awa guda. Wa ya ga Ba-Zama da kwanciya! Ko usur ɗin tashi ba mu jira ba, muka bar wa masu share fili gadon muka tari mota.

A ɗakin ɗibar jini aka gwada, nawa ya dace, da ma me zai hana. Na hau gado, nas ta ɗaure mini dantse tana neman jijiya. Ta nuna wa Ba-Zama kujera ta ce Baba zauna kafin ka sake zubewa. Bai ko kalli kujerar ba. Ya zagayo ƙarshen gadon, wajen ƙafafuna, ya dafa bango, ya juya mini baya.

“Kalli nan,” ya ce, ya ɗan buga ƙeyarsa. “Ka ƙirga.”

Na kafa ido a kan tabon marurun nan, na fara daga ɗaya.