Tutar da Ƙudan Zuma Suka Tsare

Idan ka bar Tafoki ka nufi Faskari, akwai wani ƙauye a hannun hagu da ake kira Unguwar Kuka. Ba sai ka tambayi dalilin sunan ba. Kukar tana nan tsakiyar gari, ta girmi masallaci, ta girmi kasuwa. A jikinta an kakkafa turakun itace tun daga ƙasa har sama, wani nan wani can kamar haƙoran tsoho. Mutum ɗaya ne a garin ya san turken da zai ɗauki nauyi da wanda ya ruɓe, shi ne Baba Lawwali mai amya.

Gado ya yi. Ubansa ne ya koya masa saƙa amya da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta har ta yi ƙamshin da ƙudan zuma ke so, sannan a kai ta sama a ɗaure a jira. Jiran ne sana'ar. Shi ya sa Baba Lawwali ya tashi mutum marar gaggawa, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda rigarsa ke warin hayaƙi ko da ranar Sallah ce. Lokacin da yake da ƙarfinsa, amyoyinsa sun cika daji, daga bayan gari har wajen Sabuwa. Ya san zumar furen ɗorawa, ya san ta kaɗanya, da ya ɗanɗana zai gaya maka itacen da ta fito. Matarsa Inna Safara'u ke tacewa ta ɗura a kwalabe, ranar kasuwa a kai Faskari.

Siyasa kuwa da ƙafa ya shige ta, ba da baki ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da mutanen jam'iyya mai alamar rumbu suka zo garin, suna neman inda za su kafa tuta ta fi ta kowa tsawo. Aka dubi kuka, aka dubi juna, aka ce a kira Lawwali. Ya ɗaura tutar a jikin doguwar gora, ya hau da ita, ya ɗaure a reshen ƙoli. Kamu biyu ƙasa da gindin gorar akwai tsohuwar amya, wadda ubansa ya fara ɗaurawa, shi kuma yake sabunta ta ba tare da ƙudan sun taɓa yin ƙaura ba.

Rumbu ta ci zaɓen ɗan majalisar jiha a wannan shekara, ta sake ci, ta yi ta ci. Baba Lawwali bai taɓa zama komai a jam'iyya ba. Abin da ya samu hula ce guda, sai sabuwar tuta duk lokacin kamfen. Tsohuwar kuma Inna Safara'u ta wanke ta tas ta riƙa tace zuma da ita, don ta ce ba ta taɓa samun ƙyalle mai kyan ido irin na 'yan siyasa ba. Amma shi a ransa ya ɗauka cewa wanda ka hau kuka dominsa, ka zama nasa. Ko ɗan majalisar, Alhaji Mas'udu, ya zo ko bai zo ba, Baba Lawwali na rumbu ne.

Tutar nan ban da shi ba wanda ya taɓa sauke ta, kuma ba don tsoron jam'iyya ba. Sau biyu 'yan adawa suka gwada, sau biyu suka dawo ƙasa ido a kumbure, leɓe kamar an hura. Shugabansu a garin shi ne Malam Tanimu, taubashin Baba Lawwali, ɗan namiji, wanda tun suna yara yake kiransa bawansa. Tanimu ya tsufa yana faɗuwa zaɓe. Jam'iyyarsa mai alamar guga ce, kuma duk ranar da aka faɗi sakamako sai ya bi ta gindin kuka ya ɗaga kai.

"Bawana," yakan ce, "wallahi ba ku kuka ci ba, ƙudanka ne suka yi muku ejan."

"To ka nemo naka ƙudan mana," Baba Lawwali yakan amsa. "Ko da yake na ji an ce ƙudan bola kaɗai ke bin ka."

Sai su tafi su ci goro ɗaya.

Sannan daji ya rufe, 'yan bindiga suka mamaye shi. Wanda ya san yankin nan ba sai an yi masa bayani ba. Gonakin nesa suka koma saura, masu shanu suka sayar, hanyar da yaro ke bi shi kaɗai ta zama wadda ƙato ba ya bi. Amyoyin Baba Lawwali suna can, ruwa ya ci wasu, gara ta ci wasu, wasu kuma ƙila har yanzu cike suke da zumar da ba mai zuwa ɗiba. Wani lokaci da yamma yakan tsaya bayan gari ya dubi yamma, ya kira sunayen itatuwan ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafin 'ya'yan da suka tafi ci-rani. Abin da ya rage masa a duniya amya ɗaya ce, ta ubansa, ta kan kuka.

Ita ma bara da zai sauko daga wurinta gwiwarsa ta hagu ta ƙi, ya rataye a turke har sai da aka kawo tsani. Tun ranar Inna Safara'u ta kafa doka, ba sauran hawa. Da aka kawo sabuwar tutar kamfen ta bana, ko hannunsa ba ta kai ba, ta karɓe ta sa a ƙasan adaka. Tsohuwar ce ta ci gaba da kaɗawa a sama, rana ta cinye launinta har rumbun ya zama kamar tabon miya.

Zaɓe ya zo cikin zafin bazara, ɗorawa na fure. Mata suka fito tun da safe, layinsu ya fi na maza tsawo, ba hayaniya. Washegari da azahar rediyon mai shayi ta faɗa: Alhaji Mas'udu ya faɗi, wani malamin makaranta mai suna Abdulgafar ya kayar da shi a ƙarƙashin guga. Ba nan kaɗai ba, kujeru sun yi ta zuba har rumbu ta rasa rinjaye a majalisar jiha. Samarin garin, waɗanda tun da aka haife su ba su taɓa ganin wata tuta a kan kuka ba, suka hau babura suka yi ta zagaye gari.

Baba Lawwali na zaune a zaure, hular jam'iyya a gwiwarsa, sai ya ji ihu ya sauya. Ya fita yana ɗingishi. Shamsu ɗan acaɓa, jagoran samarin guga, ya riga ya gwada hawa ya sauko da gudu, kunnensa ɗaya ya yi biyu. Yanzu sun haɗa gora biyu, sun naɗa tsumma a kai, wani na tsiyaya fetur daga tankin babur.

"Shamsu, mi za ku yi da wuta?"

"Baba, ka yi haƙuri, ka koma gida. Yau tutar ga sai ta sauko. In ƙuda ne suka hana, mu ƙone gidansu."

"Su ƙudan sun yi zaɓe ne?"

"Sun fi kowa yi! Dubi kunnena!"

Aka yi dariya, amma mai fetur bai daina tsiyayawa ba. Baba Lawwali ya je ya jingina bayansa da kukar. Ya ɗaga kai, ya ga ƙudan sun yi baƙi a bakin amya, ransu a ɓace. Ya san ciyawar amya a bazara, ƙyas ɗaya ta ishe ta.

"Ku ba ni zuwa gobe," ya ce. "In an sallame asuba, sanyi na sa su lafa. Ni na ɗaura ta, ni zan sauke ta."

"Dabara ce," wani ya ce daga baya. "So yake a kwana, 'yan rumbu su kai ƙara kotu, a ce tuta ta tsaya!"

Sai ga Malam Tanimu ya ratso taron, sabuwar tutar guga a kafaɗarsa kamar angon da ya makara.

"Kai, ku aje gorar nan. Ni da na yi shekara ashirin ina jira, kwana ɗaya ne zai kashe ni? Kuma bawana ne, in ya saɓa ku zo ku ƙone gemuna." Ya juya ya dubi Lawwali, ya rage murya. "Amma da wace gwiwar za ka hau?"

Wannan ita ce tambayar da ya tarar a gida. Inna Safara'u na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

"Malam, na ji abin da ka ɗaukar ma kanka. Kan tsumman da ko tatar zuma ba zai yi ba."

"Ba don tsumma ba ne, Innar yara."

"Na sani." Ta buga rariya. "Kuma tun da ana faɗin gaskiya yau, ni guga na dangwala wa. Duk matan layinmu ma haka. Shekara nawa muna kwana da takalmi a ƙafa, shi Alhajin naka ko jaje bai zo ba."

Ya ce, "Ai na gani. Kin fito rumfa kina tafiya kamar wadda ta ci gasa."

Ba ta ce ya hau ba, ba ta ce kada ya hau ba. Ta dai tashi ta narka man kaɗanya, ta murza masa gwiwa har hannunta ya gaji, ta kuma ciro sabuwar igiyar guganta daga rijiya ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Da aka fito masallaci, gari ya fara haske, rabin ƙauye na gindin kuka. Baba Lawwali ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kunna damin karan da ya cusa wa busasshen kashin shanu har hayaƙi ya yi kauri. Tanimu ya miƙo masa tutar guga.

"Tun da tahiya ta kama ka, bawana, riƙe wannan ka aje mani a can."

"Riƙe kayanka. Hannu biyu gare ni."

Ya yi bismilla ya kama turken farko. A hankali yake tafiya, ƙafar dama ta hau, ta hagu ta biyo kamar baƙuwa. Yakan tsallake turke biyu ya taka na uku. Wajen tsakiya gwiwar ta yi rawa, ya manne da jikin itacen, kumatunsa a kan ɓawo. Inna Safara'u ta juya baya tana kallon katanga. Shamsu ne, da kumburarren kunnensa, ya matso gindin kukar ya buɗe hannuwa, kamar hannu zai tare mutum daga wannan nisa.

Ya kai. Ya zauna a kan reshe ya hura hayaƙi a bakin amya, yana magana ƙasa-ƙasa yadda ubansa ke yi, ba wanda ya ji abin da ya ce. Kukan ƙudan ya sauka ya zama gunaguni. Daga nan sama ana ganin daji har inda ido ya ƙare, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya kwance ƙullin da ya yi da hannunsa. Ba tutar kaɗai ya kwance ba. Ya ɗaure gorar gaba ɗaya a igiya ya zuro ta ƙasa, ya bi duk tsofaffin igiyoyin da suka taru a reshen shekara da shekaru ya yanke su. Kafin ya juyo ya buɗe bayan amya ya yanko saƙar zuma ɗaya, ya bar musu sauran.

Saukowar ta fi hawan daɗewa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya zauna nan take, harbi uku a wuyansa, yana haki yana dariya.

"Shamsu, ga gora nan, mai kyau ce, ba ta taɓa tsagewa ba. Ku kai ta bakin tasha ku ɗaura taku, kowa ya gani. Amma kukar ga ta gama siyasa. Yau ku ne da fetur, wata shekara wasu ne."

Samarin suka dubi Malam Tanimu. Ya dubi tutar da ke hannunsa, ya dubi ƙolin kukar da ya yi shekara ashirin yana mafarki.

"Bawa ya yi wa ubangijinsa wayo," ya ce. "To ba ni zumar, in rage baƙin ciki."

Aka gutsuttsura saƙar, ta ɗorawa ce, baƙa mai kauri. Shamsu ya samu, aka kuma shafa masa kaɗan a kunne. Inna Safara'u ta ɗauki tsohuwar tutar ta ɗaga ta a rana, ta ga duk ta zama raga, ta ce wannan sai dai a toshe bakin tulu.

Tutar guga tana bakin tasha yanzu. Baba Lawwali bai sake jam'iyya ba, yana sa hularsa ranar Juma'a, Tanimu na yi masa tsiya. Gwiwar ba ta ƙara yarda da turke ba, kuma bai matsa mata ba. Da hantsi yakan shimfiɗa buzu a gindin kuka ya jingina, ya rufe ido. Mai wucewa zai ɗauka barci yake yi, amma ƙudan yake saurare suna fita kiwo.