Mailafiya Baduku da Koren Gishiri

Sunansa na yanka Mikail, amma a Kabara ba wanda ya san shi da wannan suna. Mailafiya ake ce masa, laƙabin da kakarsa ta sa masa tun yana goye saboda ba ya kuka. Baduku ne ɗan baduku. A zauren gidansu yake rina fata shi da ƙaninsa Tanko, su kai Kasuwar Kurmi inda masu ɗinka jaka da kube da takalmi suke jira.

Zamanin mahaifinsu da kuloko ake baƙanta fata, wato a kwaso kashin ƙarfe a maƙera, a jiƙa, a jira ya tsima. To, wajen shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, sai 'yan kasuwa suka shigo da wani abu a buhu, tsakuwa-tsakuwa, kore shar kamar alewa. Masu kantin sinadarai suna ce masa ayon salfet, dukawa suka sa masa koren gishiri. Ka narka shi a ruwa, ka shafa wa fatar da ta sha bagaruwa, kafin ka juya ta koma baƙa wuluk. Ƙurarsa tana sa maƙogwaro ƙaiƙayi, ruwansa yana tsattsaga yatsu, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Wata rana da hantsi Mailafiya yana kasuwa, Tanko ya bar buhun a buɗe ya fita amsa sallama. Hasana, 'yar autar Mailafiya, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta shigo zauren. Sai da uwarta Hajo ta ga bakinta kore sannan aka gane ta ci gishirin. Yarinya ta yi ta amai, baƙi da jini-jini, tana murƙususu tana riƙe ciki. Hajo ta ɗauko mayafi za ta tafi asibiti, amma zuwa azahar amai ya tsaya, Hasana ta tashi har tana wasa. Tsofaffin gida suka ce ta amayar da abin, Allah ya taƙaita. Wanshekare jikinta ya saki, daga baya idanunta suka koma rawaya. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce haka gubar ƙarfe take, takan yi luf kamar ta tafi alhali tana cin hanta. A can Hasana ta cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, mutane na zaune a tabarma ana karɓar gaisuwa, Mailafiya ya shiga zaure ya fito da muciyar da suke dama rini. Ya sheme Tanko a kafaɗa, aka ji ƙarar ƙashi. Ya ƙara masa a ka, jini ya wanke masa fuska. Tanko bai ɗaga hannu ba, bai kuma yi yunƙurin gudu ba, sai faɗi yake, “Yaya, na sani. Yaya, na sani.” Da ƙyar dattawa suka ɓamɓare muciyar. Bayan Tanko ya warke ya kwashe kayansa ya koma marinar Ƙofar Mata.

Mailafiya bai daina aiki da koren gishiri ba, don masu saye sun saba da baƙinsa. Amma ya zuba shi a duro na roba mai murfi, ya kulle a wani ɗan ɗaki cikin zauren, makulli a wuyansa. In zai auna, sai ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya sa safar hannu ta roba. Ya kafa randar ruwa a bakin ƙofa, ya hana cin ko da goro a wurin. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya shiga bin layin dukawa a Kurmi, in ya ga buhu a buɗe ba ya nasiha, mari ne. Wani Alhaji da ya gani yana auna gishirin da kofin shan ruwa, ya shaƙe shi da wuyan riga har rawaninsa ya warware, abin da ya sa Mailafiya ya kwana a hannun 'yan sanda. Mutane suna cewa mutuwar 'yarsa ta taɓa masa kai. Duk da haka, da zarar an hango shi tafe, kowa zai jawo murfi.

Ana haka zaɓe na biyu na mulkin farar hula ya ƙarato, gari ya ɗauki zafi. Kowace jam'iyya da 'yan bangarta, kullum sai an sari wani a lungu. Ran nan bayan la'asar, Mailafiya ya gama haɗa ruwan rini na koren gishiri da bagaruwa a kwatanniya ke nan, sai ga Ɗanladi, shugaban 'yan bangar wannan shiyyar, da zugarsa riƙe da gora da adda da kwalabe.

“Baba Mailafiya, barka da aiki,” in ji Ɗanladi. “Baƙin ruwan nan naka muke so. Gobe waɗancan suna da taro, za mu rina musu fararen rigunansu.”

“Watsa wa mutane za ku yi?”

“Baba, ai ado ne.”

“In ya shiga idon wani fa? Taron da yara ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙafafu?”

“Idonsu ne, ba namu ba.”

“To ɗauki ƙafarka ka bar min zaure tun muna shaida juna.”

Ɗanladi ya yi dariya, ya yafito yaransa. Na farko da ya miƙa kwalba cikin kwatanniya, Mailafiya ya ɗauke masa baki da muciya, haƙora suka zubo. Zaure ya kaure. Wani ya sakar masa gora a haƙarƙari, ya juya ya karya masa hanci da goshi. Ɗanladi ya kawo masa sara a ka, ya tare da hannun hagu, adda ta shige har ƙashi. Yana durƙushe yana riƙe da hannun, Ɗanladi ya jefar da addar ya sunkuci kwatanniyar zai fice da ita. Santsin fatun da ke ƙasa ya kwashe shi, ya faɗi ta baya, ruwan ya kife masa a fuska.

Ihun da ya yi har bakin titi an ji. “Idona! Wayyo idona!” Ya shiga birgima yana murza ido da hannu bibbiyu.

Mailafiya ya miƙe, jini na zuba daga gwiwar hannunsa. Ya cafki wuyan rigar Ɗanladi ya ja shi ƙiii zuwa gindin randa, ya haye ƙirjinsa, ya danne masa hannaye da gwiwoyi.

“Daina murzawa, ɗan banza! Buɗe!”

Ɗanladi ya ƙi, Mailafiya ya tsinka masa mari, ya sa yatsun hannun da aka sara ya bankaɗe fatar idon, ya yi ta kwarara ruwa da moɗa. 'Yan bangan suka zaci kashe musu ubangida zai yi, suka rufe shi da gora ta baya. Kowane duka sai ya yi nishi, amma moɗar ba ta tsaya ba.

“Hajo! Ruwa!”

Hajo ta fito da bokiti a ka, ko mayafi babu. “Ku makafi ne? Ba ku ga idonsa yake wankewa ba? In kun kashe shi wa zai ƙarasa?” Gorori suka sauka. Wanda aka zubar wa haƙora shi ya karɓi bokitin ya koma rijiya. Aka yi ta zubawa har ruwan da ke gangarowa ya daina baƙi, sannan maƙwabta suka tsai da a-kori-kura aka loda su biyun a baya.

Idanun Ɗanladi sun tsira, sai dai na dama ya zauna da hazo. Bai taɓa zuwa godiya ba, bai kuma sake bin wannan lungun ba. Mailafiya kuwa jijiyar hannunsa ta tsinke, yatsun hagu suka ƙage, ba ya iya matse fata. Tanko ya je duba shi a asibiti, Mailafiya ya juya fuska bango, amma bai ce a kore shi ba.

Daga baya ya rufe zauren, ya kama rumfa a Kurmi yana sayar da fatar da wasu suka rina. Bai yi laushi ba har ya tsufa, sai dai ƙarfin mari ya ƙare, ya koma faɗa da baki. Ya rasu da damina a rumfarsa, yana jingine da tarin jar fata, maƙwabcinsa ya zaci gyangyaɗi yake.