Baba Mai Keke da Dogon Hanci

Ranar da Baba Mai Keke ya jawo gwangwanin nan daga ƙarƙashin gado, ruwa ake ta tsugawa tun safe, irin wanda ke sa ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa. Ya zauna bakin gado yana warware tsumma bayan tsumma, matarsa na tsaye a kansa da kwanon tarar yoyo.

"Sannu da jego, Malam," in ji ta. "Jaririn ya tashi?"

Jaririn kyamara ce irin ta da, mai cin fim, da wani dogon gilashi a gabanta mai jawo nesa kusa. Wani mai hoto ne ya bar masa ita da zai rufe shago, don shekarun da Baba ya yi yana yi masa facin taya. Yaran gidan suka raɗa mata suna Dogon Hanci.

A rumfar gyaran keke Baba ya tsufa, kuma abin da rumfar ta koya masa shi ne, duk abin da kake so, ka shafa masa mai, ka naɗe, ka ɓoye wa iska. Da bakinsa yake cewa da tsohuwar za ta tsaya, da ita ma ya shafa mata giris ya adana. Haka ya yi wa Dogon Hanci, damina bayan damina. In aka tambaye shi ko ya iya hoto, sai ya ce a'a, amma wajen ajiye kyamara ba wanda ya kamo ƙafarsa.

Auta ce ta sa ya fito da ita. Autarsu tana aure a nesa, ga tsohon ciki, ba halin tafiya. Ta aiko cewa abu ɗaya take so, hoton Inna tana dariya. Duk hotunan da ke hannunta, Inna ta haɗe rai kamar an ce mata girki ya ƙone, don ita da ta ga an saita ta sai fuskar ta rufe ruf. Baba ya ce a gaya wa Auta ta kwantar da hankalinta, an gama.

Da ya kanga ido a kyamarar sai ya ga ɗakin ya yi dishi-dishi. Ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ya goge idon ma. Da ruwa ya tsagaita, ya rungume ta sai shagon mai gyara.

Mai gyaran ya cire gilashin, ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana kallo.

"Baba, a ina kake kwantar da ita?"

Baba ya gyara zama, ya zayyano masa tsumma da gwangwani da ƙarƙashin gado, yana jiran yabo.

"Duba nan. Ka ga wannan kamar saƙar gizo-gizo? Fumfuna ce. Duhu take so da danshi da rashin iska, kai kuma ka haɗa mata su duka, har da man shafawa."

Baba ya ce, "Wato shekarun nan kiwo nake yi ban sani ba."

"Kiwon kuma ya yi albarka."

Ya kwance gilashin ya wanke abin da zai wanku, amma ya ce wani wurin ta riga ta ci, ba zai koma tangaran ba. Ya ɗora masa fim, ya ja masa kunne: kar ya buɗe bayan kyamara sai ya naɗe fim ɗin, ya riƙa jingina hancin a kan wani abu yana riƙe numfashi, don dogon gilashi ba ya rufa wa rawar hannu asiri. Kuma ya tsaya nesa, ba ta ganin na kusa.

A ɗaki ya fara gwadawa. Ya yi ta ja da baya har ƙeyarsa ta gaisa da bango, abin da ya samu kunnen tsohuwa ne kawai. A tsakar gida kuwa, da ta ji ƙarar maɓalli sai ta murtuke.

"Da haƙora nawa zan yi maka dariyar?" in ji ta. "Aika mata na bara."

Sai ya tuna benen tela, maƙwabcinsu, wanda samansa ke kallon wurin shanyarta. Washegari da hantsi ya hau, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar sarƙar keke. Ya ɗora matashin kai a kan katanga, ya kwantar da Dogon Hanci, ya jira. Jira kam ya iya. Tsohuwa ta yi shanya, ta yi wa kaji faɗa, ta juya masa baya. Yana ta dannawa ko Allah zai sa a dace, har fim ya kusa ƙarewa, ko murmushi babu.

Sai hadari ya taso, ɗigon farko ya sauka a kan gilashin. Baba bai san lokacin da ya tuɓe riga ya lulluɓe kyamarar ba, ya ƙara da hula. Gwiwar hannunsa ta ture matashin, ya faɗa tsakar gidan tim, kaji suka watse. Tsohuwa ta ɗaga kai, ta hango mijinta a saman benen mutane, daga shi sai singileti, sanƙo na sheƙi, ya rungume ƙunshin riga yana karkarwa.

"Malam! Kai ne a can kamar jiƙaƙƙen zakara?"

Ta saki zanen da ke hannunta, ta dafe ciki, ta ƙyalƙyale da dariyar nan da Auta ke kewa.

Ruwan na ƙaruwa. Hannun Baba ya ƙi sakin rigar, don bai taɓa barin ko raɓa ta taɓa kyamarar nan ba. Ya dubi riga, ya dubi tsohuwa. Sai ya yaye lulluɓin, ya kafa hancin a kan jiƙaƙƙiyar katanga, ya riƙe numfashi, ya danna.

Da aka wanko fim ɗin, an samu kaji, an samu igiyar shanya, an samu bayan tsohuwa kala-kala. Guda ɗaya ne ya yi. Tana dariya baki har kunne, dishin da fumfuna ta bari ya shafe duk tamojin fuskarta. Auta ta aiko cewa Inna ta koma yarinya, wai har ta yi kuka. Tsohuwa ta daɗe tana kallon nata kwafin, sannan ta ce fumfunar ta fi shi iya hoto. Baba ya ce ai shi ya rene ta.

Yanzu ya bar rumfar keke, yana gida. Dogon Hanci na kan kanta kusa da taga, ba tsumma ba mai, gwangwanin kuma tsohuwa ta zuba zare da allura a ciki. Hoton yana rataye a ɗakin Auta, sama da gadon jaririyarta.