Ƙarfen da Attahiru Ya Ƙera Mini

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu tattara, na gaba da na baya. Ranar Talata, sha biyu ga watan Zulƙida, takwas ga Oktoban 1946, Allah ya karɓi ran Attahiru, maƙerin Allakaye, bayan ciwon ƙafa da ya daɗe yana damunsa, ya kwantar da shi tun farkon damina. Labarin bai iske ni a Madawa ba sai ranar Juma'a, daga bakin Mamman mai jakuna, wanda ke kawo gero kasuwa. Ina cikin gogar katako ya faɗa mini. Na ajiye magogin, na zauna, na rasa wanda zan gaya wa, domin a duk garin babu wanda ya san matsayinsa a wurina.

Ni ne Halidu kafinta, Attahiru, kuma akwai maganar da na riƙe shekara huɗu wadda ya kamata ka ji ta daga bakina. Yau sai dai takarda.

Shekara goma ke nan da ka fara leƙo rumfata. Na dawo daga Yamai, inda na koyi aiki a hannun wani Bature, na zo da magogi guda da ɗan ma'aunin tagulla mai tsaga, an rubuta ashirin da biyar a jikinsa. An koya mini cewa idan na wasa ƙarfen magogi, bakinsa ya kwanta daidai da wannan tsagar, babu ƙari babu ragi. Kai kuma kana zuwa kasuwa da hauyoyin noma da gatura. Idan ka sayar, sai ka zo ka zauna kan kututture kana kallon hannuna. Mutanen gari teburi da ƙofa suke gani, kai kaɗai kake kallon bakin ƙarfe. Mun sha gardama a kansa har la'asar, kuma ban taɓa jin daɗin zama da mutum kamar wannan ba.

Halinka ne ba ka ɗora ƙarfe a kan dutsen washi sai ka tambayi aikin da zai yi. Askar wanzami ka kwantar da bakinta, gatarin faskare ka tsayar. Matan kasuwa kan kawo maka wuƙaƙen yanka kuɓewa, ka gyara, ka ce su tafi kawai. Na ga ranar da wata tsohuwa daga wajen Keita ta kawo laujen mijinta da ya rasu, duk ya lalace. Na ce a jefar. Ka yini a kansa, domin ka lura ba don yankan ciyawa ta kawo shi ba.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi, kaya suka daina zuwa. Babu katako mai laushi na bakin teku, babu sabon ƙarfe ko na magani. Ƙarfen magogina guda ne, kuma duk washi yana cinsa. A shekarar 1942 dattawan wani ƙauye kusa da Buza suka kira ni in yi wa masallacinsu ƙofa da icen kirya, suka kira ka don ƙusoshi da marataya. Ka san kirya fiye da kowa, da gawayinta kake hura wuta. Ka gan ni ina gwada baki da ma'aunina, ka matso ka ce a hankali:

"Halidu, wanga icce ba na Yamai ba ne. Ɗaga bakin kaɗan, in ba haka ba karyewa za shi yi."

Dattawa suna zaune, ni kuma girman kai ya ɗebe ni. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, mai ƙera hauya ba zai koya wa wanda ya yi lakkwal, makarantar Turawa, aiki ba. Ka girme ni da shekara goma sha biyar. Ka dube ni, ka koma wurin ƙusoshinka.

Kafin azahar bakin ya ɓalle a kan wani ƙulli. Na wasa, na sake kwantar da shi yadda aka koya mini, ya sake ɓallewa. A kwana uku na cinye abin da zai yi mini shekara biyar, har ƙarfen ya gajarce, ya ƙi zama cikin magogin. Na koma Madawa na bar ƙofa rabi, ba ni da abin aiki, ba ni da inda zan samo.

Bayan mako biyu Mamman ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsumma. Sabon ƙarfe ne, ka ƙera shi daga karyayyen ƙarfen ƙarƙashin wata tsohuwar mota, faɗinsa daidai da magogina, alhali da ido kawai ka auna. Bakinsa a ɗage, yadda ka faɗa. Na ɗora shi a kan kiryar nan, ya bi ta sumul. Da shi na gama ƙofar, da shi nake ciyar da gidana har yau.

Ban zo ba. Na aika maka goro, na aika gaisuwa, na ce sai bayan girbi, girbi huɗu suka wuce. Ƙafa ta hana ka zuwa kasuwa, ni kuma kunya ta hana ni tafiyar kwana guda. Kututturen yana nan, wani lokaci akuya ce ke hawa.

Ranar Lahadi na je Allakaye gaisuwa. Maƙerar a rufe, zugazugi a rataye. Na durƙusa gaban matarka, Inna Hamsatu, na tambaye ta ko ka tafi da ni a zuciya. Ta ce:

"Bai taɓa hwaɗin ka yi mai laihi ba, Malam Halidu. Abu guda dai yaka tambaya duk randa Mamman yad dawo: shin ƙarhen nan ya yi? Mamman shi ce bai sani ba, goro kaɗai anka ba shi. Sai shi ce wataƙila bai yi ba ne, kana jin nauyin hwaɗa mai."

Shekara huɗu kana zaton aikinka ne ya gaza, kana kuma nema mini uzuri.

Ya yi, Attahiru. Tun ranar farko ya yi. Kai ne da gaskiya a gaban dattawan nan, ni ne na yi rashin kunya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hamsatu, da 'yarsa Hawa, da dukan maƙeran Allakaye. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙan Attahiru, ya yalwata kabarinsa, ya sanya Aljanna ce makomarsa. Ku kuma, idan kun ɗaga hannu kuna yi masa addu'a, ku roƙa mini gafara, domin wanda zan roƙa ya riga ya tafi.