Shinkafa Mai Gemu

Kano, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla na saɓi buhun raga na nufi tasha. Tun jiya da ƙanena Habibu ya bugo waya ya ce tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonar shinkafar da Baba ya bar mana, na kasa zama wuri ɗaya. Saura kwana goma a yi yanka, kuma abincin gida biyu ke nan.

Mota ta ƙi cika. Na sauka na hau ya fi sau uku.

"Malam, zauna mana," in ji direba. "Ko mai naƙuda ka baro a gida?"

Kura, bakwai da kwata

Shinge biyu muka wuce, kowanne sai da aka kwance mini buhu. Na sayi ƙosai na kasa ci. Daga nan na hau acaɓa, muka bi gefen hanyar ruwa wajen Bunkure, minti ashirin da biyar, ina ta zungurin mai babur.

Gona, takwas saura

Bara ni na kawo sabon iri mai santsi, na ce a dafe irin Baba mai gemu a cinye, ba ya auki. Ashe Habibu ya shuka shi a rabin gona bai gaya mini ba. Yanzu ga rabin sabon irina tsuntsaye sun sussuke shi tas, ga na Baba tsaye, tsinin gemunsa kamar allura. Kunya ta kama ni.

Kawu Sale, maƙwabcin gonarmu, ya ciro tsuntsu biyu daga tarkonsa.

"Dubi bakin wannan, ɗan gajere. Kafin ya kai ga ƙwaya, gemu ya tsokane masa ido. To dubi wannan."

Bakin na biyun ya ɗan fi tsawo. Na taɓa maƙoshinsa, cike dam.

"A cikin mai gemu na kama shi. Shi zai ƙoshi, shi zai yi ƙwai, 'ya'yansa su gaji bakin. Kai kana zaton don me mahaifinka yake bin gona kowace kaka yana zaɓen zangarniya mafi tsawon gemu ya ajiye iri?"

Ni kuwa taurin kan tsufa na ɗauki abin.

Ni da Habibu muka shimfiɗa raga a kan rabin Baba. Har la'asar ina bin kunya-kunya, ina ɗaura jan ƙyalle a kan masu dogon gemu don irin baɗi, hannuna na ta ƙaiƙayi.

Gida a Kano, bayan magariba

Na iso lafiya, ƙafa duk taɓo. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu Sale. Sannan na ɗauki waya na kira Habibu.

"Yaya, lafiya? Mantuwa ka yi?"

"A'a. Godiya zan yi maka da ba ka ji maganata ba."