Ɗan fari da ordinatar Inna

Shekarun baya, lokacin da soja ke shirin mayar wa farar hula mulki, aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, a biron gwamnati, ofishin da mahaifiyata ke aikin sakatariya a Filinge. Shugabansu ya ce za a tattara tsoffin mashinan buga takarda, kuma za a yi gwaji. Wanda ya kasa, sai ya koma gida. Da albashin nan Inna ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu.

Ni kuwa na dawo hutu daga Yamai da wata tsohuwar ordinatar da abokina ya sa wa tsarin aiki na Linux, don ta gaji, ba ta ɗaukar wani tsari mai nauyi. Ina ji da kaina ƙwarai. Baƙin allo nake buɗewa a gaban mutane ina buga umarni, don a san an yi karatu.

Sai dai ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, balle ta yarda in kama mata hannu in ce danna nan. Na gwada sau ɗaya. Ina ajiye na'urar a gabanta ta miƙe, wai ta bar tukunya a wuta. Ranar ko wuta ba a hura ba.

Na kira abokina na kai kuka. Ya yi dariya ya ce, "To malam, hidda kanka ciki mana. Gyara ta yadda ba ta buƙatar ka."

Hakan na yi, ko da yake ya taɓa mini girma. Na ɓoye baƙin allon nawa. Na share fuskar na'urar tas, na bar hoton takarda ɗaya ƙato a tsakiya, wanda in an danna sai farar takarda ta buɗe. Na ƙara girman haruffa, na sa ta riƙa adana rubutu da kanta saboda ɗaukewar wuta. Na ajiye ta a ɗakin Inna, na fito tsakar gida na ce da iska, "Abin nan dai, in an taɓa takardar sau biyu, buɗewa take."

Daga nan karatu ya koma ta bayan bango. Ina zaune a inuwar bishiyar bedi sai in ji maɓallai na kuka, don da ƙarfin tsohon mashin take dukansu. Can sai ta ɗaga murya, kamar da kaji take: "Wanga kusu ya ƙi tahiya!" Kusun ordinatar take nufi, abin da ake ja a motsa kibiyar allo. Ni ma in fuskanci kajin in ce a ɗaga shi a sake ajiyewa. Kajin gidanmu sun sha darasi a hutun nan.

Ranar gwaji na yi ta leƙen hanya, don tsarin biro ba irin nawa ba ne. Ta dawo da la'asar, ta wuce ni. Sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya.

"Na ci," in ji Inna. "Tasu ta cika tarkace, amma takarda takarda ta. Na biɗe ta, na gane ta." Ta kwance ɗankwali, sannan ta ƙara da cewa, "Wancan yaron nasu, ashe karatun nai bai tahi banza ba."

Na shige ɗaki da sauri don kada a ga idona.

Yau sa wa mutane Linux na cikin aikina. In na ji ana cewa yana da wuya ga sabon shiga, nakan ce a fara duba mai koyarwar, don sau da yawa shi ne ya tare hanya. Inna ta yi aikinta har ta yi ritaya da mutuncinta. An yabe ni a wurare da dama tun daga lokacin, ana kallon idona, amma babu yabon da ya kai wanda aka yi mini ta katanga, aka ce ni yaron wasu ne.