Kyauren da ba shi da sakata

Jiya na isa gidan gonar kakanmu, can bayan Dutsi, da sabuwar ƙofar ƙarfe da na sayo a Daura a bayan akori-kura. Sai na tarar da mutanen ƙauyen cike da wurin, suna ta kwaɓa ƙasa.

Ruwan makon jiya ne ya zubar da katangar gabas. Ni kuwa dama na gaji da yaɓen duk shekara. Niyyata in rushe tsohon zauren da katangar, in sa bulo, in huta.

Na gaida Baba Ilu magini, na ce, "Baba, wa ya sa ku wannan aiki?"

Ya ɗago, hannunsa duk taɓo. "Ba wanda ya sa mu, ɗana. Je ka duba bayan kyauren zauren nan."

Na je na duba. Babu sakata, ko gurbinta babu. Tun ina yaro nake shiga ta nan, ban taɓa lura ba.

Ya ce, "Kakanka ne ya hana a sa, don baƙo ba ya sanar da ranar zuwansa. Duk wanda ka gani nan, ko shi ko ubansa ya taɓa fake wa ruwa a zauren nan, a hanyar kasuwar Daura. To, sai mu zuba ido gidan ya zube?"

Wallahi kunya ta kama ni. Ƙofar da na kawo wajen sa kwaɗo har biyu gare ta.

Na tuɓe riga na shiga taɓon. Ƙofar kuwa ta koma Daura yadda ta zo.

Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan kakanmu. Ku fa, me kuka gada a gida da kuka kusa rushewa da hannunku?